Kifin da Ba Ya Tsayawa da Gansakukar da Ba Ta Tafiya

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya zuba teku ba mazubi, ya ba wata halitta haƙora jere-jere, ya hana wata ko da saiwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Arzika ɗan Korau wanzami, wanda ya yi yawon duniya har takalma suka gaji da shi. Abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, a jikina aka yi shi.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana Nomau. Gadonmu zabira ɗaya ce ta fata, cikinta aska huɗu da ƙaho shida, sai kuma wasiyya cewa wanzamin da bai san magani ba mai aski ne kawai. Wasiyyar nan ce ta fitar da mu daga gida. Nomau mutum ne mai sanyi, ko sallama aka yi masa sai ya yi tunani kafin ya amsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, maganata takan fita tun hankalina bai ɗaura wando ba. Innarmu takan ce da za a zuba mu a turmi ɗaya a daka, da an samu mutum guda na kirki.

Shekara tara muna tafe. Mun ratsa ƙasar da ake gina gidaje a bayan manyan kunkuru, inda mutum zai kwanta a unguwar maƙera ya farka a unguwar marina. Mun zauna a birnin Barkomi, inda na cika baki a kasuwa cewa zan iya cire wa sarkinsu ciwon kan da ya gagari bokaye arba'in. Nomau ne ya duba ya gane rawanin sarkin ne ya yi nauyi, ya rage masa kamu ashirin, muka tsira da wuyanmu. Duk inda muka je haka ake yi, ni in kunna wuta, shi ya ɗebo ruwa. Har na saba, na ɗauka haka za a yi ta yi.

A shekara ta goma muka shiga jirgin fatake muka hau babban teku, muna neman wani tsibiri da ake kira Zankaru, don mun ji ana cewa akwai maganin da ke hana rauni ruɓewa a can. Fataken suka sauke mu a bakin yashi, ko ruwa ba su tsaya sha ba, suka juya. Wannan saurin nasu ya kamata ya sa ni tunani, amma ina!

Tsibirin dutse ne guda ɗaya, dogo, kansa a cikin hazo. Muna tsaye sai ga mutum biyu sun nufo mu. Ɗaya ƙato ne mai faɗin ƙirji, ya fito daga cikin ruwa, ya tsaya daidai inda igiyar ruwa ke ƙarewa. Ɗayar tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana zaune a kan matakalar ƙarshe ta dutsen, ƙafarta ba ta taɓa yashi ba. Suka yi mana magana da harshen fatake, wanda mun riga mun iya.

Ƙaton ya ce, "Sunana Darho, uban jirgi. Waccan kuma Goggo Zaiko ce, ta mutanen dutse. A nan ba a zama baƙo. Ko ku zama namu, ko ku zama nasu. Kwana uku kuke da shi ku zaɓa."

Ya ajiye wani muƙamuƙi a kan yashi, wanda mutum zai iya shigewa ta cikinsa bai sunkuya ba. Ya ce na kifin shak ne mai shuɗin baya, babban kifin teku mai cin mutum, uban gidansu. Ya ce kifin nan ba shi da ƙashi ko ɗaya, sai guringuntsi, amma babu mai ƙashin da ke tare masa hanya. In haƙorinsa ya faɗi, wani na bayansa ya matso. Yana jin ƙanshin jini daga inda ido ba ya kaiwa. Kuma tun ranar da aka haife shi ba ya tsayawa, domin ranar da ya tsaya numfashinsa zai yanke. "Haka muke," in ji shi. "Jiragenmu ba su san tsayawa ba. Muna kewaya tsibirin nan, kowane kwana uku zagaye ɗaya."

Tsohuwar kuwa ta buɗe tafin hannunta. Wani abu ne a ciki busasshe, toka-toka, kamar tsumman da aka manta a kan danga.

Ta ce, "Gansakukar dutse. Ba ta da saiwa, ba ta da fure, ba ta zuwa ko'ina. Wanda ya hau wurinmu ba ya saukowa." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Nomau ya taɓa ni ya ce a hankali, "Arzika, an ba mu kwana uku. Mu yi amfani da su."

Ni kuwa dariya ta riga ta kama ni. Na ce, "Haba Yaya! Wannan har sai an kwana a kai? A jera maka zaki da tsumma a ce ka zaɓa? Mu matafiya ne, mu 'yan kifin nan ne!"

Darho ya ɗauke muƙamuƙinsa ya ce, "An ji." Ashe a al'adarsu, waɗanda suka zo a jirgi ɗaya, bakin ɗaya ya ɗaure sauran. Nomau ya dubi tafin hannun tsohuwar nan, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗauki zabira ya bi ni cikin ruwa.

Mun yi wata biyu a jirgin Darho, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗinsa. Muna yi musu aski da ƙaho, suna ba mu kifi. Su da mutanen dutse ba sa haɗuwa, sai dai igiya ta haɗa su: a ɗaura man hantar kifi a ja sama, a zuro salkunan ruwan sha ƙasa. Abu guda ne ya tsaya mini a rai, fatar kifin nan. In ka shafa ta daga kai zuwa wutsiya, sumul. In ka dawo da hannunka baya, sai ta kankare maka fata. Wanzami ya ga irin wannan ai ya ga abin wasa aska. Na ƙwallafa rai sai na samu.

Wata rana da hantsi suka kama wani babba, suka jawo shi kan jirgi suka bar shi a rana, kowa ya ja gefe. Har azahar ta yi bai motsa ba, ƙudaje na yawo a idonsa. Na zaro aska. Wata mata ta ce, "Baƙo, ba a taɓa shi sai rana ta faɗi." Na ce mata ni na yi shekara ashirin ina ganin gawa, ba yau za a koya mini ba. Na durƙusa kusa da kansa, na ɗora aska.

Ban ga motsinsa ba. Abin da na sani kawai, an hankaɗe ni na faɗi can gefe, sannan na ji wani ƙara kamar an rufe ƙyauren ƙarfe. Da na ɗago, Nomau ne a inda nake durƙushe, cinyarsa ta hagu a cikin bakin kifin.

Innalillahi. Da ƙyar mutum biyar suka ɓamɓare shi da sanduna. Naman cinyar ya buɗe tun daga gwiwa har kusa da ƙugu. Na ɗaure sama da igiya, na ɗinke abin da zai ɗinku. Jinin ya ragu amma bai tsaya ba, yana ta tsattsafowa ta cikin ƙyalle. Kafin la'asar na leƙa ruwa, na ƙirga bayan kifi goma sha ɗaya suna bin jirginmu.

Darho ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ba mugun mutum ba ne, shi ya sa maganarsa ta fi ciwo.

Ya ce, "Ɗan Korau, ka ga abin da ke bin mu. Jirgin da ke ɗigar da jini ba ya kai yaransa gaba. Dokarmu ita ce, mai rauni yana da zagaye ɗaya. Jibi da azahar za mu iso ƙarƙashin Gaɓar Kwanduna. A nan zai tashi ya taka daga bayan jirgi zuwa goshinsa, taku goma sha tara. In ya faɗi, ko ɗigon jini ɗaya ya taɓa katako, a nan za mu ba wa ruwa shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum fa ne! Yayana ne!"

Ya ce, "Na sani. Ni ma a can na bar matata ta fari."

Da ya tashi, Nomau ya kira ni da ido. Leɓɓansa sun bushe. Ya ce, "Abin nan na hannun tsohuwa. Ka lura da hannunta? Akwai tabon wani babban yanka a tafin, ya warke fes, ba ruɓa. Maganin da muka zo nema ke nan, Arzika. Tun ranar farko aka nuna mana shi."

Wallahi da ƙasa tana kusa da na ce ta tsage in shige. Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba, Yaya?"

Ya ce, "Ka ba ni wuri?"

Ban jira komai ba. Da jirgin ya gifta ta kusa da bakin yashi, na rataya zabira a wuya na dira cikin ruwa iya ƙirji, na yi ta kutsawa ina karanta duk abin da na iya. Na ji Nomau yana kira na, yana cewa wanda ya hau ba ya saukowa. Ban waiwaya ba, don na san in na ga fuskarsa ƙafata ba za ta tafi ba.

Matakalar dutsen nan ban san adadinta ba. Na hau har yamma, na kwana a wani lungu, na ci gaba da asuba. Tafin hannuna ya yayyage a kan duwatsu. Duk inda na tsaya shan iska sai in hango jirgin Darho can ƙasa, ƙarami kamar ɓawon gyaɗa, yana tafiyarsa ba ruwansa da ni. Sai in tashi in ci gaba. Wajen azahar na shiga cikin hazo, na iske wata ƙofa ta dutse ba ƙyaure, ba mai gadi. Na tsallaka.

Abin da na gani a can, ban taɓa ganin irinsa ba. Gansakuka ce ta rufe komai, duwatsu da rufin ɗakuna da hanyoyi, kore shar, taushi kamar auduga, ƙafa na nutsewa a ciki har idon sawu. Ba kogi a dutsen, ba rijiya. Gansakukar ce ke shan hazo, su kuma su matse ta a tulu. Mutanen suna tafiya a hankali, suna magana a hankali, har na ji kamar in kama ɗaya in girgiza shi. Na yi ta tambayar Goggo Zaiko, aka nuna mini ɗakinta. Ashe ita ce mai wankan gawarsu.

Ta dube ni ta ce, "Mai zaki da tsumma. Ka iso?"

Na zube a gabanta. Na ce, "Goggo, bakina ya yanka wuyan yayana. Ki yi wa Allah ki taimake ni."

Ta saurari labarina har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ɗauko busasshiyar gansakuka, irin wadda na yi wa dariya, ta ɗiga mata ruwa. Ina kallo abin nan ya miƙe, ya kumbura, ya koma kore. Ta ce wannan ta yi shekara bakwai a rataye. Ta ɗauki wata ta danna a tafin hannuna mai jini, ta ɗaure. Nan take na ji sanyi, kuma ko ɗigo bai ƙara fita ba.

Ta ce, "Tana shan abin da ya fi nauyinta sau ashirin, kuma ba ta barin nama ya ruɓe. Abu ɗaya ke kashe ta, ruwan gishiri. Kai ka ga kifi a kwance ka ce ya mutu, ka ga wannan a hannuna ka ce tsumma ce. Idonka yana saurin binne abu, ɗan nan."

Na ce, "Na yarda, Goggo. Ki ba ni in kai masa. Ko a zura masa da igiya."

Ta girgiza kai. "Daga dutsen nan abu biyu ke sauka, ruwa da gawa. Gansakuka ba ta sauka sai a matsayin likkafani. Mukan sa mamaci a kwando, mu cika shi da busasshiya, mu zura shi ta Gaɓar Kwanduna. Kwandon ya yi ta yawo a kan ruwa har gansakukar ta sha ta ƙoshi, ta ja shi ƙasa. Kifayen sun san wurin, ba sa nisa."

Idan ruwa ya ci mutum, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ce, "To ki wanke ni."

Ta ce, "Ba kifin ne abin tsoro ba. In na ce ka mutu, ka mutu ke nan, a sama da ƙasa. Babu wanda zai ƙara ganinka, babu mai yi maka magana. Wanda kuwa ya yi wa mamaci magana, an lissafa shi cikin matattu. Ka ji da kyau?"

Na ce na ji. Gaskiya rabin kunne na ba ta, hankalina yana kan taku goma sha tara.

Na zazzage zabira a gabanta. Askar mahaifinmu huɗu da ƙahonsa shida suka zube a kan tabarma. Raunin Nomau babba ne, zai buƙaci sauyi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma ba ni da wani abin da ruwa ba ya shiga sai wannan jaka. Na danna gansakuka a ciki har ta ƙi rufuwa, Goggo ta toshe bakin da kakin zuma. Askar da Baba ya yi mini askin suna da ita tana nan a can har yau.

Washegari da hantsi ta fito ƙofar ɗaki ta ce da ƙarfi, "Baƙo ya rasu." Ba wanda ya tambayi me ya kashe shi. Ta kwantar da ni a kwando, zabira a kan ƙirjina, ta rufe ni da gansakuka har fuska. Kafin ta ɗora ta ƙarshe ta raɗa mini, "Kifin nan abu biyu yake nema, mai jini da mai fafutuka. Jininka na ɗaure. Saura ka yi abin da ba ka taɓa yi ba tun da aka haife ka, ka natsu."

Maza huɗu suka ɗauke ni. Jama'a, kun san abin da ya fi damuna a lokacin? Atishawa. Wani ɗan zare na gansakuka ya shiga hancina yana yi mini susa, ga mutane a kaina suna waƙar makoki a hankali kamar ba za su gama ba. Na ciji harshena har hawaye suka cika mini kunne. Sai na ji kwandon ya bar ƙasa, ya fara lilo a iska, igiya tana kuka. Aka yi ta zura ni, aka yi ta zura ni. Da na ji ruwa ya mari gindin kwandon, igiyar ta faɗo a kaina, sannan na saki atishawar nan, har na tsorata kaina.

Na buɗe ido ta tsakanin saƙar kwandon. Babu jirgi. Rana ba ta kai tsaka ba tukuna.

Sanyi ya fara taɓa bayana. Gansakukar ƙasa ta soma aikinta, tana sha, kwandon yana ƙara nauyi. Na fara zaro jiƙaƙƙiyar da yatsu biyu, ina tura ta waje kaɗan-kaɗan, ba tare da na ɗaga gwiwar hannu ba. Ina cikin haka na ji wani abu ya gogi kwandon daga ƙasa, ƙurrr, kamar ana goga zarto a kan kara. Na ga shuɗin baya ya wuce, tsawonsa ya fi kwandon sau uku. Ya juyo. Wannan karon ya zo ta gefen kaina, na ga idonsa, baƙi wuluk, ba fushi a ciki, ba komai. Fatarsa ta tsinke saƙa biyu, ruwa ya shigo ya taɓa kunnena.

Duk jikina yana cewa tashi, yi ihu, yi iyo. Ni da ko a sallar Juma'a sai an harare ni saboda motsi. Na ɗaga zabira da tafin hannu sama da ƙirjina don kada gishiri ya taɓa ta, na ƙame. Na daina tura gansakukar, na bar ruwa yana hawa, ya rufe kafaɗuna, ya zo wuya. Kifin ya zagaya sau bakwai, ina ƙirgawa. A na takwas ya zunguri kwandon da hancinsa, ya ga abin ba ya gudu, ba ya ƙanshi, ya yi gaba abinsa.

Ruwa yana bakin haɓata lokacin da na ji ƙarar katako da muryoyi. Jirgin Darho ne. Na miƙa hannu ɗaya na kama igiyar da ke ja a gefensa, na hau da ƙyar, ruwa na zuba daga jikina.

Na ce, "Salamu alaikum! Na samo! Na samo maganin!"

Ba wanda ya amsa. Sun ga kwandon da na fito daga ciki. Matar nan da ta gargaɗe ni ta ja ɗanta ta rufe masa ido. Ɗaya bayan ɗaya suka kau da fuska, kowa ya dubi katako. Sai a lokacin maganar Goggo ta shiga ɗaya kunnen nawa.

Nomau yana kwance a bayan jirgi, ya rame, idanunsa sun faɗa. Da ya gan ni bakinsa ya buɗe zai kira sunana. Na yi tsalle na toshe masa baki da hannu, na girgiza kai. Shi mai hankali ne, ya zauna da su wata biyu yana saurare lokacin da ni nake surutu. Ya rufe ido, hawaye suka bi ta gefen fuskarsa.

Sai wani tunani ya zo mini. Wanda ba a gani, ai ba a hana shi. Na ɓalle kakin, na kwance ƙyallen da ya fara wari, na wanke raunin da ruwan sha, na danna gansakuka a ciki dam, na naɗe da rawanina. Mutum talatin a jirgin, ba wanda ya ce uffan.

Darho ya dubi rana, ya dubi gaɓar. Ya ce, "Lokaci ya yi. Nomau ɗan Korau, tashi."

Nomau ya yunƙura, ƙafar ta ƙi. Na shiga ƙarƙashin hammatarsa, na ɗora nauyinsa a kafaɗata, muka miƙe tare. Wani saurayi ya ɗaga kai da sauri ya ce, "Uban jirgi, ai ga..."

Darho ya ce, "Ga me? Faɗi abin da ka gani."

Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban ga komai ba."

Muka fara. Taku ɗaya, taku biyu. Duk idanu suna kan katako, suna jiran ja. Ni kaɗai nake jin abin da ke faruwa, domin hannuna yana kan ɗaurin. A taku na shida ɗinkin ya buɗe, na ji ɗumi a ƙarƙashin rawanin. Gansakukar tana sha, tana kumbura a tafin hannuna. A na goma sha ɗaya jirgin ya karkata, muka yi taga-taga, Nomau ya cije leɓe har na ji haƙoransa suna ƙara. A na goma sha biyar ɗaurin ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, wani jan tabo ya bayyana a kan rawanin, yana faɗaɗa. Na ce a raina, ki ƙara sha, ke tsumma, don Allah ki ƙara sha. Goma sha bakwai. Goma sha takwas. Nomau ya miƙa hannu ya dafa goshin jirgin.

Darho ya bi sawunmu a sunkuye, yana shafa katako da tafin hannu, tun daga baya har gaba. Ya miƙe ya nuna wa jama'a hannunsa. Ya ce, "Ya taka."

Na zaunar da Nomau, na sauya masa ɗaurin, na ajiye zabirar a cinyarsa mai lafiya. Ina ta murna a raina, ina cewa shi ke nan, zan zauna a nan ko ba mai kula ni, in yi ta jinyarsa. Sai Darho ya juya baya, ya yi magana yana duban teku.

Ya ce, "Na ji kakanni suna cewa, in mamaci ya hau jirgi, to ya sauka kafin a wuce ƙarshen gaɓa. In bai sauka ba, wanda mamacin ya zo dominsa zai bi shi. Wannan ko ni ban isa in kau da kai a kansa ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma wani sakarai ya ɗaure ƙaramin kwale-kwalen nan sako-sako, da salkar ruwa da busasshen kifi a ciki. In ya kwance, asararmu ce."

Na dubi ƙarshen gaɓar. Bai fi jifa uku ba. Na dubi Nomau. Ƙafar nan ba za ta iya kwana ɗaya a kwale-kwale ba, ni na sani, shi ma ya sani. Shekara goma ban taɓa yin nisan kira da shi ba. Ina da magana cike da ciki, ni Arzika mai baki, amma na ji tsoron in na fara zai amsa. Na kama hannunsa na matse, na sauka.

Na kwance igiyar. Ruwa ya fara raba mu. Nomau bai dube ni ba, ya kafa idonsa a sama, ya ɗaga tafukansa biyu kamar mai addu'a, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba.

"Allah ka jiƙan ƙanena Arzika. Mai gaggawa ne, amma bai taɓa gudu ya bar ni ba. Na yafe masa duniya da lahira. Da yana raye, da na ce masa ya sa rana a kafaɗarsa ta hagu da safe, kwana shida zai iske hanyar fatake. Da na ce masa ya je gida ya gaya wa Inna ya bar ni a tsaye da ƙafata."

Mutanen jirgin, da ba su san addu'armu ba, suka ji Darho ya ce amin, suka ce amin.

Ni ma na ce amin, amma a hankali, yadda ba zai ji ba. Na zauna ina kallon jirgin har ya sha kwanar dutse. Sannan na ɗauki filafili, na fara tuƙi.